Injin jirginmu na Gaya yana zafi, ni kuma ina Damagaram

Ɗan_Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na san akwai masu dariya, wai ɗan Damagaram da zancen jirgin ruwa, amma ku bari in kai aya tukuna. Bara ni da ƙanena muka haɗa ƴan kuɗinmu muka sayi jirgin katako a Gaya. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin a 2023 harkar fito ta buɗe, shi ya ja ra'ayinmu. Shi yana can yana fito da buhuna da mutane a kogin Isa, ni ina nan shagona a Kasuwar Dole, nawa dai tura kuɗin gyara.

Injin ba irin wanda ake ratayawa a bayan kwale-kwale ba ne. A cikin jirgin yake zaune, na gazuwal, wato dizal, silinda huɗu, da doguwar sanda da ta ratsa ta ƙasa har ga farfela. Na hannu muka saya, ba takarda ko ɗaya. Yau sati uku ke nan, in yaron ya yi tafiyar rabin awa da kaya sai allurar zafi ta hau ja. Ya kashe, ya jira, ya tayar, ta sake hawa. Ga baƙin mai kuma, an yi juye ranar Litinin, kafin Laraba ya koma baƙi ƙirin. Mai gyaran da ke can ya ce a cire tamostat, abin nan da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, a jefar, a zuba mai mai kauri, shi ke nan. Na ce su dakata sai na tambaya. To, a cire ko kar a cire? Kuma shi juyen nan duk kwana nawa ake yinsa a jirgi, tunda ba a ƙirga kilomita?

Sarkin_Tsokana:
Ikon Allah. Mu muna nan muna bin ƴan garuwa da bido, Alhaji ya tsallake ya sayi kogi sukutum. In an gyara a ɗoro mana shi a tirela, damina ta kusa, mu yi fito daga Zango zuwa Birni.

MakanikenZango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara ashirin da ɗoriya ina kwance injin gazuwal, don haka maganar mai dai kwantar da hankalinka. Man gazuwal ba ya daɗewa da kyan gani. Baƙin hayaƙin da ke tsallake ringi shi mai ke kwashewa ya riƙe, aikinsa ke nan, ga kuma sauran tsohon da ya maƙale a lungunan inji yana rina sabon. Wanda zai ba ni tsoro shi ne man da ya zama kamar shayi da madara, ko wanda ya tsinke yana warin gazuwal. Baƙi kawai ba ciwo ba ne.

Shi kuwa tamostat, mai gyaranku bai yi ƙarya ba. Turawa sun sa shi ne saboda sanyin ƙasarsu. Motar da duk ta iso mana daga Kwatano, shi muke fara cirewa. Mu da ke cikin wannan rana me za mu yi da abin da ke tsare ruwa?

Tsohon_Matuƙi:
Malam na Zango, kan mai na bi ka ɗari bisa ɗari. Kan tamostat kuwa, ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Na yi shekaru ina aikin ƙananan jiragen gazuwal a bakin teku kafin gwiwa ta dawo da ni gida Garin Malam, kuma abin da na fara koya shi ne jirgi ba mota ba ne, ko da injin iri ɗaya ne.

Amma kafin mu yi nisa, Alhaji tambayi ƙanenka abu biyu. A saman injin akwai murfi irin na lagireto inda ake zuba ruwa? Na biyu, in inji yana aiki, ruwa yana fita tare da hayaƙi ta salansa? In yana fita, yawansa kamar na da ne ko ya ragu?

Ɗan_Birni:
Baba, na kira shi yanzu. Ya ce murfin yana nan, a kan wata doguwar tukunya ta ƙarfe a gefen inji. Ruwa kuma yana fita ta salansa, amma da yana tuttuɗowa ne kamar an kifar da bokiti, yanzu sai tsirit-tsirit, da farin tururi.

Tsohon_Matuƙi:
To ai ka ga ɓarawon da idonka. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in zana maka yadda abin yake. Injinku ruwa biyu gare shi, kuma ba sa haɗuwa. Na farko ruwan ciki, wanda ake zubawa ta murfin nan, yana zagaya cikin inji kamar na mota. A mota iska ce ke sanyaya shi a lagireto. A cikin jirgi ina iska? Inji yana can ƙasa cikin rami, an rufe shi da katako da buhuna. Don haka kogi ne lagireton. Akwai rami a ƙasan jirgi da ke shan ruwan kogi, ya bi ta makunnin da ake buɗe ruwan da rufe shi, ya bi ta rariya, wani ƙaramin famfo ya ja shi ya tura cikin doguwar tukunyar da yaron ya gani. Cikinta cike yake da siraran bututu, kaurin kowanne bai wuce biro ba. Ruwan kogi yana bi ta cikin bututun, ruwan inji yana kewaye da su ta waje, zafi ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Daga nan ruwan kogin ya faɗa cikin salansa ya sanyaya ta, ya fita da hayaƙi.

Tunda ruwan salansa ya ragu, ciwon yana kan hanyar ruwan kogi. Tamostat kuwa yana kan hanyar ruwan ciki. Ko kun cire shi kun jefa a Isa, ruwan da ba ya shigowa ba zai fara shigowa ba.

Ya bi hanyar daga farko, kar ya yi tsallake. Ya shiga ruwa ya shafa bakin ramin da hannu, sau da yawa leda ce ta manne. Ya rufe makunni ya buɗe rariya ya wanke, ya duba zoben robar murfinta, don in ya tsage famfo iska zai riƙa sha maimakon ruwa. Sai famfon. Murfinsa ɗan faranti ne mai ƴan ƙananan kusoshi, a ciki akwai roba mai fuka-fukai, ita ake kira impela. Ita nake zargi.

Mai_Kifin_Gigimi:
Mu a tafkin Chadi ba mu san wannan wahalar ba. Yamaha 40 ka rataya a baya, ka haɗa mai da fetur a tanki, lita ɗaya cikin hamsin, ba juye ba komai sai man giyar da ke ƙafar injin. In ya daina fitsari, wato siririn ruwan da yake fesowa, ka san ya toshe, ka soka waya a ramin. In ya ƙi, ka kwance shi ka saɓa a kafaɗa ka kai wa mai gyara. Alhaji ka sayar da wannan ka sayi na ratayawa ka huta.

Ɗan_Birni:
Mai kifi, buhu nawa Yamaharka ke ja, kuma fetur nawa take sha a wuni? Don gazuwal muka zaɓi wannan.

Mai_Kifin_Gigimi:
Nan kam ka kama ni. Shan fetur sai dai a yi shiru. Amma ka sani shi ma namu yana da robar nan a ƙafarsa, in ka tayar da shi a tudu ba ruwa, nan take take ƙonewa. Na ƙona biyu kafin in yi hankali.

MakanikenZango:
Baba Matuƙi na ji bayaninka, kuma na ƙaru, ban taɓa buɗe injin jirgi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma tsaya. Tamostat in ya tsufa yana maƙalewa a rufe. Na ga inji fiye da goma da suka ƙone gaskit saboda wannan ɗan abin da bai kai murfin kwalba biyu ba. Injin na hannu ne, ba wanda ya san shekarunsa. A tsakiyar kogi da mutane a ciki, ba gara a cire shi a huta da fargaba ba?

Tsohon_Matuƙi:
Yana maƙalewa, gaskiyarka. Maganinsa a gwada shi, in ya mutu a sa sabo. Gwajin ma ba ya buƙatar gareji. A ciro shi, a ɗaura masa zare, a zura cikin tukunyar ruwa a kan gawayin shayi. A jikinsa an buga lamba, wasu 76, wasu 82, ma'aunin zafin da yake fara buɗewa ke nan. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya buɗe a hankali. In har ruwa ya tafasa yana nan rufe, ya mutu.

Dalilin da ba na son a bar inji babu shi, biyu ne. Injin gazuwal yana son zafinsa, wajen 80 zuwa 85. Kogi ba ya ƙarewa, yana iya sanyaya inji fiye da kima, musamman lokacin hunturu da asuba. Inji mai sanyi ba ya ƙona gazuwal duka, sauran ya gangara ya tsinka mai, hayaƙi ya daskare a ringi. Ba yau za ka gani ba, sai an kwana biyu ka ji ya fara shan mai. Na biyu, a wasu injina tamostat in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya ta baya. In babu shi, ruwa ya riƙa bin gajeriyar hanyar yana komawa inji bai je tukunyar sanyi ba. Ka ga an cire don maganin zafi an ƙaro zafi.

MakanikenZango:
Na biyun nan na taɓa gani a wata mota, ban musa ba. Na farkon dai har yanzu ina da ja. A watan Afrilu a ƙasar nan ba injin da ke jin sanyi.

Injiniya_Ƙarami:
Gafara dai manya, ɗalibi ne ni a Jami'ar André Salifou, in sa baki kan mai mai kauri da aka ce a zuba. Lambar da ke jikin galan, kamar 15W-40, ta farko tana nuna yadda mai ke gudu in inji yana da sanyi, ta biyu kaurinsa in ya yi zafi. Yawancin injinan gazuwal irin wannan 15W-40 ake zuba musu, wasu tsofaffi SAE 40 zalla. A duba kuma inda aka rubuta API, harafin farko ya zama C, kamar CF ko CH-4 ko CI-4. C na gazuwal ne, S na fetur. Mai kauri ba ya rage zafin ruwa ko kaɗan. Abin da yake yi, yana ɓoye ƙarar inji da ya sassauce, kuma da safe yana jinkirin isa sama.

Sarkin_Tsokana:
Yaro ya zo da boko. Injiniya, ka taɓa riƙe sifana kuwa?

Injiniya_Ƙarami:
Kawu, a garejin babana na tashi, tun ina firamare nake wanke kusoshi da kananzir.

MakanikenZango:
Ku ƙyale yaro, abin da ya faɗa daidai ne. Abin da zan ƙara, lamba a jikin galan ba ita ce mai ba. Bara wani ya kawo mini galan sabo fil da hatiminsa, ya sayo da araha a bakin hanya. Da na tsiyaya a farin faranti sai ga baƙin gari-gari a ƙasa. Tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Araha ba ta ado. Alhaji, in za ka iya, saya a wurin da ka yarda da shi ka aika masa a mota, ko ya saya a babban gidan mai can.

Hajiya_Mai_Banda:
Ni ba ruwana da tamostat ɗinku. Tambayata ɗaya ce, in an yi juyen ina ake kai tsohon man? Sana'ata kifi, daga Difa ake kawo mini banda ina sarawa a nan. Na taɓa karɓar kwali guda da na yi asararsa, kifin duk warin mai, masu saye suna shinshinawa suna ajiyewa. Don Allah Alhaji ka ja wa ƙanenka kunne, kar ya kwarara a ruwa. Mutane na sha, dabbobi na sha.

Tsohon_Matuƙi:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mafi yawa ba da gangan suke zubawa ba, rashin dabara ne. A mota kana shiga ƙarƙashi ka kwance kusar ƙasa ka tara kwano. A jirgi inji yana zaune dab da katako, hannu ma ba ya shiga, balle kwano. Sai yaro ya kwance kusar ya bar man ya malale cikin jirgi, ya haɗu da ruwan da ke kwance a ƙasa, ya sa gwangwani ya kwashe ya watsa a kogi.

Yadda ake yi, ta sama ake zuƙe shi. A tayar da inji kamar minti goma mai ya yi ɗumi ya saki jiki, a kashe. A zare sandar awo, a zura siririn tiyo ta raminta har ya taɓa ƙasa, a ja da ɗan famfon hannu zuwa cikin bido. Wasu injinan ma da famfonsu a jiki aka ƙera su, ya duba gefe ko akwai wani ƙaramin hannu na tagulla. A auna abin da ya fito, in inji na cin lita bakwai aka samu huɗu, tiyon bai kai ƙasa ba. Filta kuma, a sa leda a ƙarƙashinta kafin a kwance. Sabuwar a shafa wa zoben robarta mai da yatsa, a ɗaure da hannu kawai, ba da ƙarfe ba. A zuba sabon mai, a tayar, a duba ko yana ɗiga, a kashe, a jira minti biyar a sake awo. Tsakanin zane biyun da ke jikin sandar awo ake so, kar a wuce na sama wai don a kyauta wa inji.

Tsohon man a rufe a bido. Masu shafa wa katako don gara suna nema.

Direban_Agadas:
Maganar zoben filta ta tuna mini wautar da na yi. Na canza filta da dare da fitilar waya, ashe tsohon zoben ya manne a jikin inji ban lura ba, na ɗaura sabuwa a kansa, zobe biyu. Ban kai Tanut ba fitilar mai ta kama. Na leƙa, ƙasan mota sharkaf. Allah ya sa ina da galan a baya. Ni a tudu nake, na tsaya gefen hanya. Wanda ke tsakiyar kogi ina zai tsaya? A riƙa duba tsohuwar filta, a tabbata ta fito da zobenta.

Ɗan_Birni:
Allah ya saka da alheri, ina ta turawa yaron duk abin da kuka rubuta. Amma har yanzu ba a ba ni amsar kwana nawa ba.

Tsohon_Matuƙi:
Ba kwana ake ƙirgawa ba, awa ce. Kowane kamfani da abin da ya rubuta, galibin ƙananan injinan nan tsakanin awa 100 ne zuwa 250, ko sau ɗaya a shekara in ba a kai ba. Tunda naku tsoho ne kuma ba takarda, ni a wurina 150. In ba agogon awa a jiki, ya sayi ɗan littafi ya rataya da igiya kusa da inji, kullum ya rubuta awa nawa ya yi. In yana awa shida a wuni, kwana 25 ke nan.

Ɗan_Birni:
Kwana 25! Baba, ribar fa? Motata ina wata uku ban yi juye ba.

Injiniya_Ƙarami:
Alhaji yi lissafin da kanka. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta yi awa 150 ta ci kilomita 7,500. Za ka bar motarka ta kai haka da mai ɗaya? Kuma mota tana samun gangara, tana tsayawa, direba na ɗaga ƙafa. Farfela ba ta da gangara. Daga tashi har isa inji yana turawa ne, kamar babbar mota da ke hawan tudu wuni guda.

MakanikenZango:
Wannan misali ya shige ni. To a nan na sauko, a bi awa.

Manomin_Gidimuni:
Ni injin ban ruwa gare ni a bakin tafki, ba jirgi ba, amma ciwonmu ɗaya. Kacalla ta cinye mana bakin ruwa, guntayenta da laka kullum suna toshe rariyar tiyo. Abin da na koya, in ka bar tiyo ya kwanta a ƙasa yashi yake sha, yashin nan kuma yana cin cikin famfo kamar faifan wasa wuƙa. Sai na ɗaura masa bido marar komai ya ɗan taso. Ban sani ba ko a jirgi akwai irin wannan dabara.

Tsohon_Matuƙi:
A jirgi dabarar ita ce kar a tayar da inji ko a ba shi wuta sosai inda ruwa bai da zurfi. Farfela na tayar da yashi, rami na sha. A tura da gora a fita tukuna. Kuma kogin Isa kala biyu ne a shekara. Na damina, wajen Agusta da Satumba, ja ne jawur da laka. Wanda ke isowa daga Gini lokacin sanyi ya fi tsabta. Kafin damina kuma ruwa ya ja baya, duk inda ka bi yashi. Lokacin jan ruwan damina da lokacin janyewa, rariya kullum ake buɗe ta, ba sati-sati ba.

Bakano_A_Zinder:
Ni fa ina ganin duk wannan kewaye-kewaye ne. Gaskit ne ya ƙone. Farin hayaƙi ai alamar gaskit ce, kowa ya sani. A sauke kan inji kawai.

MakanikenZango:
Haba maigida, ba a fara sauke kai. In gaskit ne, ruwan ciki zai riƙa raguwa kullum, in ka buɗe murfi da safe ka tayar za ka ga kumfa na tasowa, ko mai ya koma kalar madara. Alhaji ya ce baƙi ne. In ana shakka, a ɗiga ɗigo ɗaya na man a kan ƙarfe mai zafi, in da ruwa a ciki za ka ji yana tsartsatsi kamar an jefa albasa a mai. Amma fa in suka ci gaba da kai allura ja kullum, maganarka za ta tabbata, gaskit ɗin zai tafi. Kuma a gaya wa yaron, kar ya buɗe murfin nan inji na da zafi, kar kuma ya kwara masa ruwan kogi don ya huce. Kan inji tsagewa yake.

Hajiya_Mai_Banda:
Wai shi ruwan cikin, na kogi ake ɗiba a zuba?

Injiniya_Ƙarami:
A'a Hajiya, bai kamata ba. Akwai ruwan sanyaya inji mai kala, kore ko ja, da ake sayarwa a galan. Mutane na cewa na ƙasar ƙanƙara ne, amma yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwa zalla. Kamar duk shekara biyu ake sake shi. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri shi ya fi ɓarna, yana barin farin dutse a ciki irin na gindin buta.

Autan_Gaya:
Salamu alaikum. Ni ne ƙanen, Yaya ya sa aka shigo da ni. Na gode wa kowa, musamman Baba Matuƙi. Yau ban fita aiki ba, na bi abin da kuka ce.

Bakin ramin ƙasa ba leda. Rariya na samu laka kamar rabin kofin shayi da wani guntun igiyar buhu. Da na buɗe farantin famfo kuwa, robar fuka-fukai shida gare ta, biyu babu su, sun gutsure daga gindi. Sauran huɗun sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, in ka taɓa kamar busasshiyar fata. Shi kansa farantin ta ciki ya yi zane zagaye, farce na kamawa. Na tuna kuma, Yaya ka yafe ni ban faɗa maka ba, wata guda da ya wuce na rufe makunni da dare saboda tiyo na ɗiga, da safe na manta na tayar. Bai fi minti biyu ba na tuna.

Ɗan_Birni:
Auta! Kuma ka bar ni ina ta zargin wanda ya sayar mana.

Tsohon_Matuƙi:
Alhaji bar shi, wanda bai taɓa yi ba bai daɗe a ruwa ba. Ni ma na yi. Daga ranar nake rataya makullin inji a hannun makunnin in na rufe shi, ba yadda za ka ɗauki makulli ba ka gan shi ba. Robar nan ruwa ne man shafawarta, minti biyu a bushe ya ishe ta.

Ɗana, saura aiki. Fuka-fukan nan biyu ba narkewa suka yi ba, suna gaba. Bi tiyon da ya tashi daga famfo zuwa tukunyar sanyi, ka buɗe murfin bakinta, za ka same su kwance a kan ramukan bututu. Kar ka sa sabuwar roba sai ka ciro su ka jera a kan tsohuwar ka ga sun cika. Tunda ka buɗe, haska fitila ta ɗaya bakin ka leƙa bututun ɗaya-ɗaya, wanda ya toshe ka bi shi da siririn kara ko sandar roba a hankali, ba ƙusa ba, jan ƙarfe ne mai laushi, in ka huda shi ruwa biyun sun haɗu. Farantin in bayansa sumul ne juya shi. Sabuwar robar ka shafa mata ruwan sabulu, kar ka sa gires, wani yana cin roba. Ka sayi biyu, ɗaya ta zauna a jirgi cikin gwangwani.

Autan_Gaya:
To Baba. A Gaya ban samu irinta ba, an ce sai Yamai ko Kwatano. Na ba wani direba tsohuwar ya tafi da ita don a gwada.

MakanikenZango:
Auta, tunda hannunka na ciki, taɓa bel ɗin ma. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ya nutse fiye da kaurin yatsan ya yi sako. Kuma ka yi gwajin tukunyar shayin nan ka faɗa mana. In tamostat ɗin ya ƙi buɗewa ina nan ina jiran Baba.

Tsohon_Matuƙi:
In ya ƙi buɗewa ya fita, ya yi kwana biyu babu shi kafin sabo ya iso. Ban ce a bar shi haka ba.

Direban_Agadas:
Wani abu da ba wanda ya taɓo, gazuwal ɗin fa? Mu nan tun da matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011 muna samun na gidan mai kusa. Can bakin iyaka na san ƴan ruwa-ruwa sun fi yawa. Na bido yana zuwa da ruwa da datti.

Autan_Gaya:
Ina tacewa da ƙyalle, kuma akwai ɗan kofin gilashi a ƙasan filtar gazuwal, in ruwa ya taru ina zubarwa. Wannan kam ban yi sakaci ba.

Autan_Gaya:
Na dawo. Na buɗe bakin tukunyar, na samu fiffike ɗaya a kwance ya rufe ramuka kusan biyar, da yashi a bayansa. Ɗayan na duba har cikin tiyo ban gan shi ba. Tamostat na dafa shi, an rubuta 82, ya buɗe kafin ruwa ya tafasa, amma ni dai a idona bai buɗe da yawa ba.

MakanikenZango:
Kun ji ko? Bai buɗe da yawa ba.

Tsohon_Matuƙi:
Malam, yaron bai taɓa ganin buɗewar wani ba balle ya kwatanta. Ɗana, ɗauki hotonsa yana cikin ruwan zafin ka turo. Ɗaya fiffiken kuma duba ko akwai wata ƙaramar tukunya ta sanyaya man giya tsakanin famfo da babbar, can suke maƙalewa. In babu, kwance gwiwar salansa inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, ita ma tana toshewa da tsatsa da baƙin hayaƙi. Ban kuma tambaye ka ba, buhu nawa kake ɗorawa? Inji in an fi ƙarfinsa yana zafi ko da ruwansa lafiya lau, alamarsa baƙin hayaƙi.

Autan_Gaya:
Wannan tambayar Baba, Yaya za ka yi wa. Shi ke cewa in ƙara goma a kowane sawu.

Ɗan_Birni:
Ni biyar na ce. Turo hoton tukuna, kuma kar ka tayar da injin nan sai robar ta iso daga Yamai.